Abin da Maƙogwaro Ya Haɗiye

Kuramochi Sumie ba ta da abin saye a kantin littattafan bakin tasha, ruwan sama ne ya koro ta ciki. Da ta san abin da za ta tarar, da ta gwammace ta jiƙe sharkaf. Tun daga bakin ƙofa aka tsibe su har ƙirjin mutum: Mayun Gishiri, littafi na bakwai. A saman tsibin an kafa kwali da rubutun mai kanti, wai "Nagase-sensei ta sake gamawa da mu."

Sensei, wai babbar malama. Sumie ta ja tsakin da ya sa wata 'yar makaranta waigowa.

Ta san Nagase Tomoe tun ba ta iya ja layi da rula ba. A ɗakin zanen tsoho Hirabayashi suka haɗu, can unguwar Nerima, su biyu masu taya shi aikin manga, wato labaran zane, teburin wannan jingine da na wannan. Tsohon yakan zana fuskoki ya miƙo musu shafi su ƙarasa. Sumie ce ta riga zuwa, don haka ita ce senpai, wato ta gaba a aiki, kuma ita ce mai hannu. In labari ya zo kan dodo, irin masu jikin macijin nan da ke aman wuta, ba a tambaya, ita ake miƙa wa. Ɓawon jikinsa ɗaya bayan ɗaya take zanawa, daga wutsiya ta hau zuwa wuya, kowane ya kwanta kan ɗan'uwansa. Tomoe kuwa aikin sabon shiga ta yi shekara da shekaru, wato cike baƙi. Duk inda tsohon ya sa alama, ta shafe da tawada: gashi, inuwa, duhun dare. Sau ɗaya aka gwada ta da dodo. Tsohon ya ɗaga shafin ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Wannan tarwaɗa ce ta sha giya?"

To yau ga mai cike baƙin nan da labarin dodon da duk ƙasar ke karantawa. Abin da ya fi ci wa Sumie tuwo a ƙwarya shi ne, littafi bakwai cur, ba wanda ya taɓa ganin dodon. Yau inuwarsa a kan teku, gobe hucinsa, jibi shafi guda baƙi ƙirin. Masu sharhi suna ta cewa hikima ce. Sumie ta san sunan hikimar na gaskiya, rashin iyawa.

Ita littafi ɗaya ta taɓa fitarwa da sunanta. Ta zuba duk abin da hannunta ya sani a wani zane mai cin shafi biyu, kan dodo a karkace, idonsa ɗaya yana kallon mai karatu. A shimfiɗe bisa tebur abin sai wanda ya gani. Amma ta manta da maƙogwaro. Haka masu aikin littafi ke kiran tsakiyar nan inda shafi biyu ke haɗuwa su nutse cikin ɗinki, kuma ɗan koyon jiya ma ya san ba a ajiye abin kirki a wurin, haɗiyewa yake. Ita da ta fi kowa sani, zumuɗi ya sa ta ɗora idon a tsakiya cif. Aka buga, dodo ya fito makaho. Littafin bai yi kasuwa ba, mujallar da ke buga zanenta ta yi mata sai mun neme ki, ta koma rubuta sharhi kan zanen wasu. Amma abin da take so bai canja ba ko ɗaya. So take ta shiga jirgin ƙasa da safe ta ga dodonta, cikakke da idonsa, a hannun mutanen da ba su san ta ba.

Da ta isa gida ta tarar da mijinta Morio, direban bas, yana hutun ranarsa a kishingiɗe. Littafi ne a hannunsa, an lulluɓe bangonsa da takardar kanti yadda ba za a ga sunansa ba.

"Me ake karantawa?"

"Tarihi," ya ce, bai ɗago ba.

"Tarihi ne ke sa ka jan hanci haka?"

Ta fizge, ta ɓare takardar. Littafi na bakwai.

"Har da kai."

"Yaran wurin aiki ne suka ba ni aro."

"Suka kuma ara maka sauran shidan da ke bayan kayan kamun kifinka, ko? Kana tsammanin ban gani ba."

Morio ya sosa ƙeya ya gyara zama. "Af, Tomoe-chan ta sake kiran wayar gida. Ta ce taki ba kya ɗauka. Wai magana ce da ba ta waya ba, tana so ku zauna."

"Na san maganar. Ta ji ni aka ba sharhin littafinta a mujallar wata mai zuwa, shi ne za a zo a lasa min zuma a baki."

"Yarinyar da ke kawo mana alewar wake duk sabuwar shekara tun ba ta da ko takalmin kirki? Ke dai ki kira ta."

"Ai ta iya cike baƙi," Sumie ta ce. "Ta cike shirun."

Washegari ta kwaso littattafan bakwai ta jera bisa teburin kicin, ta kafa tabarau. Komai ƙyashinta, ba ta taɓa sharhin abin da ba ta karanta ba. Labarin wasu mayu ne a wani tsibiri, sana'arsu dafa gishiri. A ƙarƙashin dutsen tsibirin akwai dodo yana barci, kuma ba abin da ke riƙe shi cikin barcin sai tunanin mutane. Duk shekara mayya ɗaya takan sauka ta ba shi wani abu da take tunawa, ta hauro ta manta shi har abada.

Aibu kam akwai shi, ba sai an ƙirƙira ba, Sumie ta bi shi ɗaya-ɗaya tana jin daɗi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Mayun nan duk fuskarsu ɗaya, da gashi kawai ake bambanta su. Hannayensu in ba a aljihu ba to a bayan tukunya, don kada a zana yatsu. Littafi na uku gasar tsafi ce daga farko har ƙarshe, ba ta ƙara wa labarin komai ba, an cusa ta ne don samarin da ke jefa ƙuri'a a mujalla. Wata kyanwa mai magana da ke ciki kuwa ba labari ya haife ta ba, kamfanin 'yar tsana ne.

Sai ta zo tsakiyar littafi na huɗu. Wata tsohuwar mayya, Oshizu, layin sauka ya zo kanta, duk ƙananan tunaninta sun ƙare, ta ba dodo fuskar 'yarta. Ta hauro, ta zauna cin abinci, ta dubi matar da ke zuba mata miya ta ce cikin ladabi, "Baiwar nan, 'yar gidan wa ce ke?" Ka juya shafi, ba fuska ba magana, baƙi ne wuluk daga sama har ƙasa, sai kwano ɗaya fari a kusurwa.

Sumie ta cire tabarau ta goge ido da bayan hannu. Haushi ya kama ta, na kanta da na Tomoe. Ita da ta iya zana kowane gashin girar tsohuwar, ba ta taɓa sa mutum kuka ba. Ta rubuta sakin layi guda a kan shafin nan, kuma ya yi kyau, ya fi duk sauran sharhin. Ta karanta shi sau biyu, sannan ta goge shi tas. Masu yabon sun isa, ba sai da nata ba.

A wurinsa ta rufe da wannan: "Littafi bakwai na yi ina neman dodon nan shafi-shafi. Ba ɓoye shi aka yi ba, mai littafin ce ba ta iya zana shi ba, na kuwa sani domin teburina yana jikin nata. In ya bayyana a littafi na ƙarshe, mai karatu ya tambaya hannun wa ne."

Editanta ya kira ya ce ko za a ɗan sassauta jimlar ƙarshen. Ta ce in aka taɓa ko ɗigo a cire sunanta. Ba a taɓa ba.

Sharhin ya fita, ya tada ƙura. Wasu suka zage ta, wasu suka ce sai yau aka sami mai faɗin gaskiya, har aka gayyace ta hira a rediyo. Mako guda Sumie ta yi tana tafiya kamar an sauke mata kaya. Morio kawai ne ya daina yi mata hira a kan abinci.

Sai Tomoe ta sake kira. Wannan karon Sumie ta ɗauka, don ta shirya wa faɗa, har ta tanadi amsoshi.

Suka haɗu da rana a wani shagon taliyar soba kusa da tsohon ɗakin zanensu. Tomoe ta riga zuwa. Tana nan yadda take, 'yar ƙarama, baƙin tawada a ƙarƙashin farce, wuyan hannunta na dama naɗe da bandeji. Ta miƙe ta sunkuya, ta miƙo ƙunshin alewar wake da hannu biyu.

"Senpai, kin rame."

"Ke kuma kin zama sensei. Da wane sunan zan kira ki?"

"Kai, senpai, bari mana. A bakinki ai zagi ne."

Aka kawo taliya. Sumie ta zauna jiran harin, hari bai zo ba.

"Na karanta," Tomoe ta ce tana gauraya miya. "Maganar kyanwar nan gaskiya ce, ni kaina ba na ƙaunarta. Littafi na uku kuwa in na tuna shi har kunya nake ji. Yatsun ma kin kama ni."

"Dodon fa?"

"Shi ai ba ki faɗi abin da ban sani ba. Tarwaɗa mai shan giya." Ta yi 'yar dariya. "Tun littafi na ɗaya na gane ba zan iya ba, shi ya sa nake ta kewaye-kewaye. Na ce a raina, ranar da zai fito, mutum ɗaya ce a ƙasar nan za ta zana shi."

Sumie ta tsaya da sandunan cin abinci a hannu.

"Babin ƙarshe ba za a sa shi a mujalla ba, sai a littafi na takwas. Akwai shafi biyu a tsakiyarsa, inda dodon ke farkawa. Tun bara nake rigima da kamfani a kan su. Sun ce a sa mai taya aiki ya zana a ɓoye kamar yadda kowa ke yi, na ce a'a. Na ce sunanki zai hau ƙasan zanen, da manyan haruffa, Kuramochi Sumie. Da bazara suka yarda. Shi ne nake ta kiranki."

Sumie ta ajiye sandunan. Ta kurɓi shayi, ya ƙona ta, ba ta ji ba.

"Nake ta kira," Tomoe ta maimaita a hankali, kamar ita ce mai laifi.

"Ba ki iya rubuta saƙo ba? Layi ɗaya?"

"Haba senpai. Irin wannan roƙon a waya? Ke kika koya min riƙe alƙalami. Ai sai na zo gabanki na sunkuyar da kai."

Gaskiya ce, kuma Sumie ta san gaskiya ce. Da saƙo ta aiko, da ita ce ta farkon cewa yarinya ta yi kuɗi ta raina mutane.

"Yanzu fa?" Muryarta ta fito siririya, ta tsani jin ta haka.

Tomoe ta dubi kwanonta. "Ranar da sharhin ya fita suka kira ni. Sun ce in sunanki ya hau, duniya za ta ce mun saye bakinki, ke ma sunanki ya ɓaci. In wani ya zana a ɓoye, kin riga kin ce a tambayi hannun wa ne, kuma za a tambaya. Na roƙa, senpai. Na je har ofishin babban. Ƙofar ta rufu."

Da zaginta Tomoe ta yi, da abin ya zo da sauƙi. Da ta watsa mata shayi a fuska, da Sumie ta koma gida da abin ba Morio labari. Amma yarinyar nan ta zauna tana ba ta haƙuri a kan ramin da ita ta haƙa da hannunta. Ƙyashin da Sumie ta zo da shi bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Da kasuwa kawai Tomoe ta fi ta, yau ta gane har da hali.

"To wa zai zana?"

"Ni."

"Ke."

"Kin ce a tambaya. Gara in an tambaya a ce nawa ne, ko da tarwaɗa ce." Ta taɓa bandejin hannunta. "Ina ta gwadawa. Daga wutsiya zuwa wuya, ko? Ban manta ba."

Sumie ba ta tuna yadda suka rabu ba. Ta dai san ta baro alewar a jirgi, wani bawan Allah ya biyo ta da ita har bakin matakala.

Daga ranar wani abu ya same ta wanda ba ta faɗa wa kowa ba. Tana wanke-wanke, tana layin kanti, tana sauraron editanta, shafi biyun nan suna buɗe a kanta. Ta san inda wutsiya za ta taso, ta san yadda jikin zai naɗe tsibirin, ta san inda mayun za su tsaya ƙanana kamar tururuwa. Idon kuwa a shafin dama zai zauna, can sama, nesa da maƙogwaro. Ba ta taɓa tsara zane mai kyan wannan ba, kuma ba mai nemansa.

Da kaka littafi na takwas ya fito. Ta yi alkawari ba za ta saya ba, ta cika alkawarin har zuwa azahar.

Tsibin da ke kantin bakin tasha ya fi na da. Kowane littafi an ɗaura masa ɗamarar takarda a ƙugu, wadda ake buga yabon manya a kai. Sumie ta ɗauki ɗaya ta karanta, jininta ya hau. "Littafi bakwai na yi ina neman dodon nan shafi-shafi." A ƙasa, Kuramochi Sumie, mai sharhi. Sun yanke jimlar farko sun yar da sauran. Ba ta ko yi shakka ba, wannan ba aikin Tomoe ba ne, na 'yan kasuwar kamfani ne, su ba sa zubar da komai. To ga sunanta ya hau littafin, a kan ɗamarar da ake cirewa a jefa a shara.

"A lulluɓe miki bangon?" mai kanti ya tambaya.

"Lulluɓe."

A jirgi ta ga abin mamaki. Wani mai kwat da wata 'yar makaranta, kowa da littafinsa, kowa ya buɗe tsakiya yana dannawa da manyan yatsu, ya karkata kai yana leƙe kamar mai neman allura a tsagar bango. Na kusa da ita yana gaya wa abokinsa shi biyu ya saya, ɗaya na ajiya, ɗaya na karyawa. Sumie ta kau da kai, ta ce a ranta duniya ta haukace.

A teburin kicin ta buɗe nata. Ta bi babin ƙarshe har inda dutse ya tsage, mayu suka ɗaga kai. Ta juya shafi.

Baƙi ne, dama da hagu, irin baƙin da Tomoe kaɗai ta iya, ba tabo ba sawun burushi. Sai a tsakiya, daidai inda shafukan ke nutsewa, wani siririn fari kamar zare, da alamar zane a cikinsa yana shigewa ɗinki. Kuskuren da ya kashe littafin Sumie, shi yarinyar nan ta ɗauka da gangan ta ajiye dodonta a ciki.

Ta ce ba za ta danna ba. Ita ba 'yar makaranta ba ce, ta san ba komai a ciki sai gam. Ta tashi ta ɗora ruwan shayi, ta dawo, ta zauna. Sannan ta kifa tafin hannu biyu ta danna, bayan littafin ya ce ƙas.

Ɓawo ne, layi ɗaya, daga ƙasan shafi har sama. An fara daga wutsiya an hau, kowane ya kwanta kan ɗan'uwansa, yadda ta nuna wa wata yarinya a Nerima. Wasu sun fi wasu girma, na tsakiya sun karkace, a wuri ɗaya hannun ya yi rawa an sake bi.

Morio ya shigo da hular aiki a hannu. Ya ga littafin a karye, ya ga fuskarta.

"Ya kika gani?"

"Har yanzu ba ta iya ba," Sumie ta ce.

"Mutane dai kuka suke yi a bas."

"Na sani."

Ya wuce ya kashe wutar shayin da ke ta tafasa. Da ya dawo tana nan inda ya bar ta. Yatsanta yana kan shafin dama, can sama cikin baƙin, yana zagaya wuri ɗaya a hankali, inda idon zai zauna.